Rabon Babayo a Dutsen Kawu Kambai

Kawuna Kambai dutse ya gada. Falale ne guda, shimfiɗe a bayan ƙauyenmu can gefen Kagoma, faɗinsa ya kusa filin ƙwallon firamare. Lokacin da kakanmu ya rasu, Kawu yana Kafanchan yana leburanci a reluwe, yana ɗaga buhuna a tasha. Kafin saƙo ya same shi, ya nemi izini, ya iso gida, yayyensa sun riga sun zauna sun yi irin adalcin wanda ya riga zuwa. Babban ya ɗauki fadama, na biye ya ɗauki gonar doya, aka ce wa Kambai ga falale can, ba mai yi maka gardamar iyaka.

Uwata, wadda ita ce ƙanwarsu, ta ce ranar har kuka ta yi masa. Shi kuwa ya hau dutsen, ya zagaya shi hannu a baya kamar malamin gona, ya sauko ya ce, "To, ni dai na huta da cire ciyawa." Daga nan aka laƙaba masa Sarkin Ƙadangaru, kuma ya amsa. In ka gaishe shi da sunan, sai ya ce talakawansa suna lafiya, suna can suna shan rana.

Sai citta ta yi daraja. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san noman citta rabin aiki ne, sauran rabin shanya ce. A tono ta, a tsaga ta biyu, a baza ta a rana har ta bushe ƙarau. In a ƙasa ka shanya, yashi ya shiga, dillali a kasuwar Kafanchan ya damƙo, ya murza, ya yamutsa fuska kamar ka miƙa masa kashin kaji. In a kan dutse ka shanya kuwa, ta fito fes, ga zafi daga sama ga zafi daga ƙasa. A lokacin ba kowa ya san tamfol ba. Cikin kaka biyu yayyen nan nasa masu adalci suka fara zuwa gaishe shi da sassafe, suna tambayar lafiyar ƙadangaru.

Wani da ya samu irin wannan dama haya zai sa. Kawu bai sa ba. Abin da ya yi shi ne ya fara biyan buƙatunsa da dutsen. Da zai auri Inna Damaris, kuɗin auren bai cika ba, sai ya kai surukinsa kan falalen ya nuna masa gefen gabas, inda rana ke fara sauka, ya ce daga wannan tsagar zuwa wancan ƙusumbin naka ne. Tsohon ya karɓa. Bayan shekara ya ba wani maƙwabcinsa rabi a bakin akuya mai ciki. Maƙwabcin ya ba 'yarsa gudummawar biki. Haka abin ya kama hanya. A ƙauyenmu mutum kan sayi keke da dutse, ya yi ta'aziyya da dutse, ya ba da haƙuri da dutse in ya zagi surukarsa. Wata shekara a baikon godiyar kaka, kowa na kawo doya da kaji gaban bagadi, Kawu ya miƙe hannu rabbana ya ce ya ba Ubangiji kusurwar kudu. Fasto ya rasa yadda zai yi addu'a a kan abin da ba a kawo ba, sai duk ikilisiya ta fita aka hau dutse da waƙa.

Dutsen kuwa ko gezau. Ba a ɓalli ko ɓarɓashi ba, ba a zana layi da fenti ba. Kowane yanki da sunansa: Goshi, Bayan Kunkuru, Shimfiɗar Liman, Na Ubangiji. In yanki zai sauya hannu, mai bayarwa da mai karɓa su hau tare, a kira Kawu, a zuba ruwa moɗa guda a wurin, shi ke nan ya zama na sabon mai shi. Na taɓa ce masa, "Kawu, kai fa banki ne, sai dai bankinka ko ɓarawo ya raina shi." Ya ce, "Asher, bakin nan naka da a kan falale aka shanya shi, da ya bushe mun huta."

Yanki ɗaya ne ba a shanya a kansa. A gefen yamma dutsen ya lotsa ya yi kwarmi mai zurfin ƙugu, muna ce masa Tasa. Ruwan damina kan taru a ciki ya zauna har tsakiyar rani, lokacin da rafi ya zama yashi. Tasa ta Babayo ce.

Babayo Bafulatani ne, rugarsu tana hayin rafi tun kafin a haife ni. Shi da Kawu ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Babayo ya ce, "Kaɗo, har yanzu dutsen bai haihu ba?" Kawu ya ce, "Ya fi shanunka hankali, bai taɓa shiga gonar kowa ba." Su zauna a kan falale, ɗaya da goronsa, ɗaya da tabarsa.

Da Inna Damaris ta haifi ɗansu na fari, Ezekiyel, ta kwanta ciwo, nono ya ƙafe. Jaririn ya zama kamar ɗan tsako. Amatullah, matar Babayo, ita ta riƙa haye rafi kullum da ƙwaryar madara mai ɗumi, ta dafa, ta tace, ta ɗura masa da ɗan cokali, har ya yi ƙwari. Kawu ya kai kuɗi, Babayo ya ce in ya sake zai sa karnuka su raka shi gida. Sai Kawu ya ja shi da ƙarfi zuwa bakin Tasa, moɗa a hannu.

Babayo ya ce, "Me zan yi da dutse? A bayan sa zan ɗaura shi?"

"Ba ɗauka ake yi ba. Naka ne, ya ƙare."

"In na tashi fa? Mu ba a san mu da zama ba."

"In ka je Makka ma naka ne."

Aka zuba ruwa. Tun daga ranar maruƙan Babayo ke sha a Tasa da rani, yaransa na iyo a ciki tare da mu, muna kama talibambam muna sa wa juna a wando.

Shekarar da aka yi tashin hankalin bayan zaɓe, ƙauyenmu ba a taɓa kowa ba, amma labarin da ke zuwa daga ko'ina ya isa. Wata safiya hayin rafi ba hayaƙi. Sun kwashe, ba sallama, kuma ban ga laifinsu ba. Aka ce sun yi wajen Kagarko, wasu suka ce Jere. Kawu ya haye ya tsaya a kufan rugar, ya dawo gida. Washegari ya tara mutane a kan falale ya ce, "Tasa da kewayenta na Babayo ne. Kowa zai iya ɗiban ruwa, don da yana nan ma ba ya hanawa. Amma ba mai shanya a bakinta, ba mai sayarwa, ba mai bayarwa, sai ya zo."

Wani ya ce, "Baba, wanda ya gudu ai ya bar kayansa."

Kawu ya ce, "Kai da ka yi shekara bakwai a Legas, matarka muka raba?"

Ya riƙe wannan maganar shekara da shekaru. Lokacin kaka, dutse ya cika maƙil da citta, mutane na rigima a kan taki ɗaya, amma kewayen Tasa fayau. Shi ke kwashe ganye daga ruwan, shi ke korar yara masu wanki da omo. Inna Damaris ta ce da yana kula da ɗakinta kamar yadda yake kula da ramin Bafulatani, da ita ce sarauniyar Ingila.

Tamfol ya zo ya rage wa dutsen daraja, amma bai kashe shi ba. Abin da ya kashe shi cutar citta ce. Damina guda ganye ya yi rawaya, aka tona aka tarar da ruɓa mai wari. Gona bayan gona. Kakar nan falale ya wuni tsirara, ƙadangaru suka karɓi mulkinsu. Mutanen da suka saba sayen babur bayan girbi suka koma auna masara da gwangwani.

Ana cikin haka wani ɗan kwangila ya zo da tifa yana neman tsakuwar gini. Ya ce ba sai an kawo inji ba: a ƙona tsofaffin tayoyi a kan dutsen, in ya yi zafi a kwara ruwa, ya fashe, maza su sa guduma, mata su farfasa, shi ya saya tifa-tifa. Wanda ya tsaya a gaban maganar Ezekiyel ne, don shi ne shugaban matasa, ga 'ya'ya huɗu, ga gonarsa ta ruɓe kamar ta kowa. Kada wani ya ce mugu ne. Na ga matarsa tana dafa ganyen rogo ba manja.

Masu yanki duk suka yarda. Ikilisiya ma ta zauna a kan Na Ubangiji, dattawa suka ce Ubangiji ba zai ƙi a yi wa majami'a sabon rufi ba. Kawu bai hana kowa ba. Ya ce, "Wanda na ba, na ba shi. Ku fasa naku. Amma Tasa tana da mai ita."

Ezekiyel ya ce, "Baba, mutumin nan ko yana da rai ba mu sani ba."

"Kai dai kana da rai, kuma ka san dalili."

Ezekiyel ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ji, ba za a taɓa Tasa ba, za su fara daga gabas, can nesa, a yankin kakansa na wajen uwa. Amma ɗan kwangila yana son dutsen duka, gara a nemi mai ita a ji ta bakinsa. Kawu ya ce zai je da kansa. Aka haɗa shi da ni, wai ni ne mai bakin tambaya.

Muka hau mota ta Kwoi, muka sauka Jere. Na bi masu tallar nono a bakin titi ɗaya bayan ɗaya ina tambayar Babayo na Kagoma. Ashe rabin Fulanin ƙasar nan Babayo ne, sauran rabin kuma surukansa. Muka kwana a gidan wani ɗan garinmu mai gyaran taya, muka sake fita. Can wata dattijuwa ta ajiye ludayi ta dube mu ta ce, "Babayo mai dutse?"

Kawu ya dafa kafaɗata.

Ɗan acaɓa ya kai mu wata 'yar ruga a bayan gari. Bukkoki uku, tumaki kaɗan, ba saniya ko ɗaya. Wata tsohuwa tana zaune tana tsinke zogale. Ta ɗago, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kambai, ka tsufa ka yi muni."

"Amatullah, da ma can ba kyau aka san ni da shi ba."

Ta yi dariya har ta share ido. Sannan ta gaya masa Babayo ya rasu damina biyu da suka wuce. Kawu ya cire hula ya riƙe a gwiwa. Ta tambayi Damaris, ta tambayi ɗanta Ezekiyel, ko har yanzu yana cizon cokali.

Ɗansu Mahadi ya dawo daga kasuwa, wanda muka yi iyo tare, yanzu ga furfura a gemu. Bayan gaisuwa Kawu ya faɗi abin da ya kawo shi: ga halin da ake ciki, ga ɗan kwangila, in magada suna so a fasa a kawo musu rabonsu, in ba sa so a bari.

Mahadi ya ce, "Baffa, ai ba tawa ba ce yanzu."

Ashe Tasa ta yi yawo a Jere fiye da yadda ta yi a gida. Babayo ya ba Mahadi ita ranar aurensa. Mahadi ya ba ƙanwarsa Hussaina a bakin rago, daga baya ta mayar masa da ya yi mata rufin ɗaki. Kowane karo sai sun zuba ruwa a ƙasa, suna fuskantar gabas, wajenmu. Sannan ɓarayin shanu suka zo suka share garken. Ba a jima ba matar Mahadi ta haihu. A al'adarsu ranar suna uba kan nuna wa jariri maraƙa, ta zama tushen dukiyarsa. Mahadi ba shi da ko kofato. Sai ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya ba 'yarsa dutse mai ruwa a ƙasar Kagoma, wanda ba ya ƙafewa sai rani ya yi nisa.

"Wasu sun yi dariya," in ji shi. "Amma ba wanda ya ce ban ba ta komai ba."

Aka kira mai dutse. Sunanta Zamzam, ba ta wuce shekara bakwai ba, haƙoran gaba babu, hannu duk toka. Kawu ya gyara zama ya gaishe ta kamar yana gaban hakimi, ya maimaita mata maganar tun daga farko, bai rage komai ba.

Ta ce, "Da kifi a ciki?"

"Babu kifi, ranki ya daɗe. Akwai kwaɗi."

"Nawa ne su ma?"

"Duk wanda ya kwana a ciki naki ne."

Ta yi tunani. Ta ce, "Kada a fasa. Ban gani ba tukuna."

Kawu ya ce, "An gama." Mahadi ya ce in an yi hutun makaranta zai kawo ta, har da innarsa in ƙafarta ta yarda. Amatullah ta ce ko a kan jaki ne za ta je, tana so ta ga hayin rafi kafin ta mutu. Na karɓi lambar Mahadi. A mota Kawu ya yi ta lissafin inda za a sauke su, da kazar da za a ba Mahadi ya yanka da hannunsa. Har waƙar zumunta ya yi, da muryarsa mai kama da ƙofar langa-langa.

Tun daga kan hanya muka hango baƙin hayaƙi a bayan gari. Kawu ya ce ba komai, gabas suke. Kuma gaskiya ne, gabas suke. Muka tarar da tayoyi na ci a can ƙarshen dutse, an fasa wuri mai faɗin ɗaki. Sai dai ba mai aiki. Duk suna tsaye a yamma.

Tsagar ta taso ne daga inda aka kwara ruwa, siririya kamar zare. Ta ratsa yankin surukin Kawu, ta bi ta Bayan Kunkuru, ta keta Na Ubangiji ba ta nemi izini ba, ta gangara ta shiga Tasa ta ƙasa. Ruwan ya tsiyaye. Saura laka da kwaɗi suna tsalle a ciki.

Ezekiyel ya zo, fuska duk baƙin taya. Ya ce, "Baba, na rantse ban taɓa nasu ba. A namu muka sa wuta. Kowa shaida ne, a namu ne."

Kuma kowa ya shaida. Ni ma da ina nan da na shaida. Mun shekara arba'in muna cewa wannan na wane ne, wancan na wane, har ba wanda ya tuna a ƙarƙashi abu guda ne. Kawu bai yi faɗa ba. Ya sauka cikin Tasa, ya tsuguna, ya sa yatsa a tsagar yana bi.

Ya gwada siminti. Ezekiyel ne ma ya sayo, ya kwaɓa da hannunsa. Muka yi ta jido ruwa a jarka muna zubawa don gwaji, kafin la'asar ya zurare. Aka sake da kwalta, haka. Wani ya kawo shawarar a shimfiɗa leda a ciki, yarinya ce, ba za ta gane ba. Kawu ya dube shi har sai da mutumin ya tuna yana da aiki a gida.

Na ce, "Kawu, in kira Mahadi?"

Ya ce a'a, da ƙafarsa ya je ya karɓo amanar, da ƙafarsa zai je ya faɗa. Ya kama 'yar akuyarsa guda, budurwa, ja mai farin goshi, wadda Inna Damaris ke ji da ita. Inna ce da kanta ta ɗaura mata igiya. Muka sake hawa motar Jere, akuya a kan cinyata tana yi mini abin da ta ga dama.

Kawu ya durƙusa a gaban Zamzam ya gaya mata komai. Ya ce dutsenta ya fashe a hannunsa, ruwan ya tafi, ba zai dawo ba, ga wannan a madadinsa in ta yarda. Yarinyar ta dubi akuya. Ta ce, "Tawa ce? In ta haihu ma nawa ne?" Ya ce nata ne. Ta fizge igiyar ta ruga tana kiran ƙawayenta, ko waiwaye babu.

Na so in yi dariya, don abin dariya ne. Sai na ga Mahadi ya juya mana baya yana gyara wata dangar da ba abin da ya same ta.

Amatullah ta ce, "Ka biya, Kambai. Har ka wuce. Akuya tana haihuwa." Ta murza zogalen da ke hannunta. "To yanzu ba mu da komai a can ke nan."

Kawu ya ce, "Kuna da mu. Ku zo hutun nan, an gyara ɗaki."

"Mu zo mu ce mun zo ganin me? Da in an tambaye mu a hanya, sai mu ce wurinmu za mu dubo. Yanzu baƙi ne mu." Ta ce a gaida Damaris, a gaida Ezekiyel, a ce masa kada ya sa abin a ransa, yunwa ce.

Hutu ya zo ya wuce, ba su zo ba. Dutsen yanzu an ci fiye da rabinsa, majami'a ta samu rufi, Ezekiyel ya mayar da yaransa makaranta, kuma ba zan ce ba a ji daɗin hakan ba. Kawu yana nan da ransa, yana zama a ƙofar gida yana gyaran kwando, tifa na wucewa ta gabansa tana zubar da tsakuwa a hanya. Kwanan baya Mahadi ya kira ni ya ce akuyar ta haifi biyu, Zamzam ta ce a gaya wa Baffa. Na kai masa saƙon. Ya ce madalla, Ubangiji ya raya su. Na miƙa masa wayar na ce ga Mahadin a kan layi, ya girgiza kai, ya ce in ce yana gaisuwa.